Darasi na 9: Idan Ayyuka Suka Taru Wa Mutum

Duk wanda ya yi damina a ƙasar Magariya ko Dungas ya san yadda watan bakwai yake zuwa. Ruwa ya zauna, gero ya tsiro, haki ma ya tsiro, kuma ya fi geron sauri. Gonar gandu tana jiran noman farko, gamanar uwargida ita ma tana jira, ga irin waken da ba a kai ga shukawa ba. Rumbu ya yi ƙasa, kuɗin tiya ya hau a kasuwa. Samarin da suka tafi cin rani Kano wasunsu ba su dawo ba. Ɗaki ya fara yoyo, sauro ya yawaita, yaro ya kwana jikinsa da zafi. Ana cikin haka sai maƙwabci ya aiko cewa gobe suna a gidansa.

A irin wannan lokaci za ku ga magidanci ya saɓa hauya tun da asuba, ya noma 'yan layuka a wannan gona, ya tuna waccan ta fi haki, ya koma can, kafin azahar an aiko kiransa gida. Ya wuni yana aiki, ya gaji tiɓis, amma da za a tambaye shi da dare abin da ya gama, ba zai iya nuna ko ɗaya ba. Wani kuma nauyin ne yake danne shi har ya kasa tashi, ya zauna a inuwa yana juya lissafi, masu wucewa su ce ragwanci ne. Mutumin da ya saba nome gonarsa da hannunsa shekara da shekaru bai zama rago a dare ɗaya ba. Abubuwa ne suka taru masa, bakin zaren ya ɓace.

A kan wannan hali darasinmu na yau yake. Za mu duba dalilin da ya sa kai yake cushewa, sannan mu koyi yadda mutum zai rage ayyukan da ya buɗe, ya riƙa rufe su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Masu nazarin tunanin ɗan Adam sun daɗe suna auna yawan abin da mutum zai iya riƙewa a ransa lokaci guda. Wani masani ɗan Amurka, Nelson Cowan, ya tattara binciken da aka yi a kan haka, a 2001 ya nuna cewa ga yawancin mutane abin bai wuce guda huɗu ba. Ku duba lambar salula a nan Nijar: lamba takwas ce, amma ba wanda yake faɗinta a jere. Biyu-biyu muke faɗi, ta zama gutsure huɗu, sai kai ya ɗauka. To, magidancin nan na watan bakwai abubuwa goma sha ne a kansa, kowanne yana neman a fara da shi.

Tun a 1927 wata mai bincike a Jamus, Bluma Zeigarnik, ta lura cewa aikin da aka fara ba a gama ba yana yawan dawo wa mutum a rai. Masana sun yi ta muhawara a kan ƙarfin wannan sakamako, amma a 2011 wasu biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, sun gano wani abu da zai amfane mu kai tsaye: idan mutum ya yanke ranar da zai yi aikin da yadda zai yi shi, tunanin yakan lafa masa tun kafin ya taɓa aikin. Wato abin da ke hana barci shi ne aikin da ba a ajiye masa rana ba.

Akwai kuma binciken da ya fi kusa da rayuwarmu. Wasu masana, cikinsu har da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir, sun gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Sun ba su tambayoyin auna kaifin tunani sau biyu: kafin a sare rake, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya yi yawa, da kuma bayan an biya su kuɗin rakensu. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna cewa mutanen nan, su ɗin dai, sun fi amsa daidai bayan kuɗi ya shigo. Damuwar rashi tana cinye wani kaso na hankalin mutum kafin ya kai ga gona. Masu noman rake a fadamun Korama, wajen Bande da Wacha, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Ina so kowa a ajin nan ya riƙe wannan: in kun ga tunaninku ya yi nauyi a tsakiyar damina, ba basirarku ce ta ragu ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

A sauke kayan a ƙasa

Mataki na farko ba ya bukatar kuɗi. Kowa ya tsinto tsakuwa cikin tafin hannu. Duk abin da ke damun ransa ya faɗe shi da baki, ya ajiye masa tsakuwa ɗaya a gabansa. Wanda hannunsa ya fara faɗawa da rubutu ya rubuta kalma ɗaya a littafinsa, wanda bai kai nan ba ya zana alama: zangarniyar gero, akuya, ɗaki, kwalbar magani. A ci gaba har sai an ji ba sauran abin da ya rage a ciki. Yawanci tsakuwar da ke ƙasa ba ta kai yawan da mutum yake ji a ƙirjinsa ba, domin a cikin kai abu ɗaya yakan zagayo sau goma, kowane zuwa kamar sabo.

Sai a bi su ɗaya-ɗaya a ba su sunan aiki. "Gona" ba sunan aiki ba ne, fargaba ce. Sunan aiki shi ne: "in nome gonar bayan gari daga gawon tsakiya zuwa hanya." Haka "kuɗin lakwal na yara" damuwa ce, aikinta shi ne "in kai ɗan akuya ranar kasuwa." Aiki shi ne abin da hannu zai kama ko ƙafa za ta taka, kuma a san inda ya ƙare.

Za ku tarar da wasu tsakuwoyin da ba su da aiki ko kaɗan a hannunku. Ko ruwa zai kai ƙarshen watan tara, ko farashin hatsi zai sauko, waɗannan na addu'a ne. A ware su gefe, a bar wa Mai shi.

Yadda ake tantancewa a ƙofar asibiti

A asibitin Magariya akwai sashen yara da ƙungiyar likitocin Na-gari-na-kowa, wato MSF, take tallafa wa. Ƙungiyar tana aiki a yankin tun 2005. Idan damina ta yi nisa, ƙarancin abinci da zazzaɓin cizon sauro suka haɗu, iyaye mata sukan yi ta kwararowa daga ƙauyukan Magariya da Dungas goye da yara. A daminar 2018 yaran da ke kwance a sashen lokaci guda sun haura 700. Da wuya a sami wurin da ayyuka suke taruwa wa mutane a ƙasar nan kamar wannan wuri a watan takwas.

Ma'aikacin lafiya ba zai iya duba yara ɗari a lokaci ɗaya ba, kuma in ya bi su bisa wanda ya riga zuwa, wani zai cika a kan layi. Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa asibitocin yara ita ce a tantance tun daga ƙofa, a kasa su uku. Yaron da numfashinsa ke sarƙewa, ko yake jijjiga, ko ya suma, ko ruwan jikinsa ya ƙafe, da shi ake wucewa nan take. Akwai na biyu da za a gaggauta dubawa. Na uku su jira layi, kuma jiran ba zai cutar da su ba. Abin lura a nan shi ne, yaron da ya fi tsala kuka sau da yawa ba shi ne mafi haɗari ba. Wanda ya yi shiru, ya langaɓe a bayan uwarsa, shi ake tsoro.

Haka za ku yi wa tsakuwoyinku. Tambaya ɗaya za ku yi wa kowace: in na bar wannan har kwana bakwai, me zai lalace? Yaro mai zazzaɓi ba ya cikin masu jiran ko kwana ɗaya. A kai shi likita ranar, ko da gona za ta kwana da haki. Noman farko da rage gero a bar tushe uku a rami suna da lokacinsu, cikin mako biyu zuwa uku bayan tsiro, in ya wuce kuwa maimai ba zai dawo da abin da haki ya ci ba. Waɗannan su ne kashi na farko. Katangar da ta zube za a iya kafa mata zana ta jira kaka. Wannan kashi na biyu ne, kuma a faɗi watan da za a yi shi don ya daina zagayowa. Kashi na uku shi ne abin da wani zai iya yi a madadinku, ko wanda za a haƙura da shi bana.

Kashi na ukun nan ya fi wahala, saboda kunya. Haki ba ya magana, amma mai neman a raka shi kasuwa yana magana, kuma mu mutane ne masu jin nauyin juna. Ban ce a yar da zumunci ba; ranar da ciwo ya kwantar da mutum, zumuncin ne zai nome masa gona. Amma ana iya zuwa suna da sassafe a yi addu'a a wuce gona. Ana iya cewa: "Yaya, don Allah a yi mini uzuri, sai na fita daga noman farko." Manomi ɗan'uwanka ya san abin da kake nufi. Ya fi ka amsa masa da "to" alhali ka san ba za ka cika ba, ka ƙara wa kanka tsakuwar da ba ta da rana.

Kashi na farko kada ya wuce uku a yini. In ya wuce, a sake tantancewa.

Ba a wanke allo sai an biya

Yawancinmu mun zauna gaban malam da allo. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas, sumuni 480 ke nan. Da za a nuna wa yaro ɗan shekara bakwai dukan wannan a ce ya haddace, da ya gudu. Malam ba ya yin haka. Yakan rubuta masa abin da zai iya ɗauka, ya yi ta maimaitawa, ya zo ya biya. Sai ya biya daidai ake cewa ya wanke, a ɗora masa na gaba. Kowane rubutu yana da farko da ƙarshe, kuma ba a buɗe sabo sai an rufe tsoho. Da wannan tsari garuruwanmu suka fitar da alarammomi tun kafin a san lakwal. Abin mamaki, mutumin da ya yi sauka ta wannan hanya yakan manta da ita in ya shiga gona ko sana'a.

Mu kai ta gona mu yi lissafi. A ce gona tana da layi 120. Mutum uku ne a gidan masu riƙe hauya, kowa yana gama layi 5 kafin rana ta yi zafi. Layi 15 ke nan a yini. In aka raba 120 da 15, an sami kwana 8. Yanzu gonar ta tashi daga "aikin da ba ya ƙarewa" ta koma kwana takwas, aikin yau kuma layi biyar ne. Layi biyar abu ne da mutum zai iya tsayawa a bakinsa ya hango ƙarshensa.

Sai dai kada ku tsaya a takwas. Ɗan Adam ko'ina yake yakan ƙiyasta aiki kamar ba abin da zai gitta, alhali kullum sai wani abu ya gitta. Akwai Juma'a, akwai ruwan safe, akwai jana'iza. In lissafi ya ba ku takwas, ku sa goma ko sha ɗaya. Wanda ya sa takwas ya gama a goma zai ji ya gaza. Wanda ya sa sha ɗaya ya gama a goma zai shiga gona ta biyu da ƙarfin gwiwa, alhali aikinsu ɗaya.

Wani zai ce: "Malam, ko na tsaya a gona ɗaya ko na zagaya uku, ai layukan da na noma ɗaya ne." Tambaya ce mai kyau, amma akwai abin da ta bari. Tafiya tsakanin gonaki tana cin sanyin safiya, lokacin da jiki ya fi ƙarfi. Gonar da aka gama ce ake samun damar shiga a shuka mata wake a tsakanin gero, wadda aka yi wa rabi kuwa tana riƙe da aiki biyu. Sannan gonar da aka gama ta fita daga kai. In kuma hannu bai isa a nome duka a kan lokaci ba, gara mutum ya zauna ya zaɓi wadda za ta jira, ya fara da mai taki da ƙarfin ƙasa, da a ce ya bar abin ya zaɓa masa, duka ukun su sha haki.

Ranar biyu da ranar uku

Ga wani ɗan ƙaramin aiki da ke nuna inda gamawa take kuɓucewa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a lokacin damina. Nijar ta fara a 2013, kuma Magariya tana cikin wuraren farko. Yara daga wata 3 zuwa wata 59 ake ba, sau ɗaya a wata, daga watan bakwai zuwa na goma. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a amince da shi sun nuna yana rage kamuwa da zazzaɓin da kusan kashi uku cikin huɗu. Amma kowane zagaye na kwana uku ne. Ranar farko ma'aikaci ne yake bayarwa a gabansa. Ƙwayar rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari.

Ba uwar da ba ta son ɗanta. Amma gari ya waye, ga surfe, ga rijiya, ga abincin masu gona, yaro kuma lafiyarsa lau yana wasa. Sai a ce "an jima," an jima ta zama gobe. Aikin minti biyu ne, amma kariyar wata guda ta rataya a kansa.

Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya bayyana a 1999 cewa niyyar da aka ɗaura wa lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. Mu kuwa Allah ya ba mu turaku biyar a kowane yini, wato salloli biyar, ba ma bukatar agogo. Maimakon "zan ba shi magani," uwa ta ce: "Gobe in Allah ya kai mu, da na sallame asuba na dama koko, kafin in ɗauki bokiti, zan ba shi." Ta ajiye maganin inda idonta zai faɗa kansa, inda hannun yara ba ya kaiwa. Maigida ma ya sa shi cikin nasa lissafin, ya tambaya kafin ya saɓa hauya. Ɗan nasu ne su biyu. Haka karatun ajin nan: "bayan la'asar zan rubuta layi biyu" ya fi "zan riƙa bita."

Wani lokaci dabarar ita ce a yanke shawara tun lokacin da kai yake sake. A gundumar Busiya ta yammacin Kenya, Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun tarar manoma da yawa suna da niyyar sayen takin zamani, amma kafin shuka kuɗin ya bi wasu hanyoyi. Da aka ba su damar biya tun da kaka, a kawo musu takin daga baya, masu sa taki suka ƙaru sosai. Darasin a gare mu shi ne, irin shuka da kuɗin taki da na gyaran amalanke, da kaka ake ware su. Matan ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta faro a Maraɗi a 1991 suka bazu har ƙauyukanmu, sun riga mu gane wannan: zubi kaɗan, rana sananniya a mako, a gaban shaidu.

Gawon da ke gonakinmu

Baƙon da ya biyo hanyar Damagaram zuwa Magariya da rani yakan yi mamakin yawan gawo, kore shar a lokacin da komai ya bushe. Itace ne mai saɓa wa sauran: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi da rani. Kakanninmu sun san darajarsa. Tarihi ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan sare shi. Duk da haka, bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonaki da yawa sun zama fili fetal.

A 2006 Larwanou Mahamane da abokan aikinsa suka yi nazari a Magariya da Matamaye da Mirya, suka ƙiyasta cewa manoma sun mayar da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya, mafi yawansu gawo. Ba dasa su aka yi ba. Da an tara mutanen Sassumburum da Yekuwa da Guci da Malawa a 1985 an ce musu ga hekta miliyan ku rufe da itace, da kowa ya kaɗa rigarsa ya tafi. Abin da ya faru shi ne, kowane manomi in ya zo sassabe sai ya tsallake wasu 'yan tsiro da kututture masu toho, ya kare su daga gatari da wuta. Baɗi ya ƙara wasu. A wajen Maraɗi, inda Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya yi ta yaɗa wannan dabara tun 1983, ana kiranta sassaben zamani.

Ku lura da yadda ake yi wa kututturen. Yakan fito da rassa barkatai, in aka bar su duka sai ya tsaya a kurmi, ba wanda zai yi tsawo. Manomi yakan zaɓi 'yan ƙalilan masu ƙarfi, waɗanda suka miƙe, ya sare sauran, ya dawo lokaci-lokaci ya gyara. Aikin 'yan mintoci ne a kan kowane kututture, amma ana dawowa. Akwai kuma wani sirri: mutane sun dage ne da suka ga itacen nasu ne, su za su mora. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya raina a gonarsa. Mutum ya fi gama aikin da ya san amfaninsa gidansa zai shigo, kuma yana da kyau maigida ya tuna da haka game da matasan da ke noma masa gandu.

Abin da tsari ba zai yi ba

Wani nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko yaya ya tsara shi, don haka aka san gayya. Neman hannu ba abin kunya ba ne, kuma a nema tun haki bai rufe gero ba.

A cikin gida kuma, in kun yi aikin tsakuwa maza da mata, ku ƙirga na kowa. Ina da yaƙinin a gidaje da yawa na uwargida zai fi yawa: ruwa, itace, surfe, daka, dahuwa, reno, gamana, ga ƙuli-ƙuli ko fura ta sayarwa. Yawancin ayyukanta ba su da ranar gamawa, gobe sabo suke dawowa. Ba dabarar da za ta rage mata su in ba an ɗauke mata wasu ba. Maigida da ke da amalanke ya ɗauko ruwa da itace, samari su kai niƙa. Wannan ba ya rage wa namiji girma.

Darasin nan kuma ba zai cika rumbu ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a Magariya, sama da 350,000 a Dungas, gonaki kuwa sai ƙara tsukewa suke a wajen rabon gado. Wanda dole ta sa ya bar gonarsa ya yi ƙwadago a ta wani don a ɗora tukunya, ba rashin tsari ne ya kai shi ba. Abin da tsari zai yi masa shi ne ya kare 'yan awoyin da suka rage masa, su tafi inda suka fi amfani. In kuma nauyin zuciya ya kai mutum ya daina barci, abinci ya fita ransa, ya ji ba abin da ke masa daɗi har makonni, wannan ya wuce yawan aiki. Ya faɗa wa wanda ya amince da shi, ya je ya ga ma'aikacin lafiya.

Aikin aji

Ku zauna uku-uku. Kowa ya zube tsakuwarsa ya kasa ta uku, 'yan'uwansa su yi masa tambayar kwana bakwai a kan kowace. Abin da mutum ba ya son faɗi a fili, ya ajiye tsakuwar ba tare da suna ba, kada a matsa masa.

Lissafi: gona tana da layi 90, mutum biyu suna nome layi 5 kowannensu a yini. Kwana nawa za su yi? In Juma'a ɗaya da ranar kasuwa ɗaya suka faɗo a ciki, kwana nawa ya kamata su sa? In suka sami mutum na uku fa?

Tattaunawa: wane aiki ne a garinku kowa yake farawa amma kaɗan suke gamawa, kuma a wane mataki yake tsayawa? Waɗanne kalmomi za ku yi amfani da su ku nemi uzuri wurin suruki ko yayanku ba tare da ransa ya ɓaci ba?

Aikin gida

Kowa ya zaɓi aiki ɗaya da ya daɗe a buɗe, wanda za a iya gamawa cikin mako. Ya rubuta sunansa a saman shafi, ya ja layi bakwai a ƙasa, ɗaya don kowace rana. A gaban kowane layi ya rubuta guntun da zai yi da sallar da zai yi shi bayanta. Ranar da ya yi, ya sa alama. Ranar da bai samu ba, ya bar wurin fari, kashegari ya ci gaba daga inda ya tsaya, kada ya ninka. A zo da shafin aji mai zuwa, ko an cika shi ko ba a cika ba, za mu duba tare mu ga ranakun da suka fi kuɓucewa da abin da ya gitta a cikinsu.